Tafiyar Ruwa da Narkakkun Sinadarai a Cikin Malalar Duwatsu Mai Ƙanƙara a Tsaunukan Alps

Gabatarwa

A ƙololuwar tsaunukan Alps na Turai akwai wasu tarin duwatsu masu siffar harshe, waɗanda ƙanƙara ta cike tsakaninsu ta ɗaure su wuri guda. Nauyinsu kan sa su malalo gangare sannu a hankali, daga 'yan santimita zuwa 'yan mitoci a shekara. Ana iya kiran su malalar duwatsu mai ƙanƙara. A gindinsu marmaro kan ɓuɓɓugo da ruwa garau, wanda ɗuminsa bai cika wuce digiri biyu ba. Wannan maƙala tana bayani ne a kan hanyoyin da ruwan ke bi kafin ya fito, da abin da yake ɗaukowa a tafiyarsa.

Hanyoyin da Ruwan ke Bi

Malalar tana da hawa uku. Na sama manyan duwatsu ne masu kaurin 'yan mitoci, waɗanda ke narkewa a lokacin zafi, su sake daskarewa da hunturu. Na tsakiya daskararre ne duk shekara. Rijiyar bincike da aka haƙa a Murtèl da ke Suwizalan a 1987 ta ba masana damar auna sanyin wannan hawa shekara da shekaru. Na ƙasa kuwa yashi ne da tsakuwa waɗanda galibi ba su daskare ba.

Idan aka yi ruwan sama ko dusar ƙanƙara ta narke, wani kaso na ruwan yana gudu a kan daskararren hawan, ya isa marmaro cikin sa'o'i. Saura kuma yana tsiyaya zuwa hawan ƙasa, inda yakan ɗauki watanni yana tafiya. Shi ne ke riƙe rafuka idan fari ya yi tsawo. Masu bincike na bambance su ta hanyar zuba rini ko gishiri a saman malalar, su auna lokacin da zai ɓullo a gindi.

Abin da Ruwan ke Ɗaukowa

Gwargwadon daɗewar ruwa a cikin dutse, gwargwadon abin da zai narkar. A wasu duwatsun akwai ma'adanin fairit, haɗin ƙarfe da farar wuta. Da zarar ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, sai ya haifar da asid, shi kuma ya saki nikel da alminiyom da manganis daga jikin dutsen. Ƙanƙarar na iya tsare waɗannan sinadarai tsawon lokaci. An gano cewa ta gindin malalar Lazaun a arewacin Italiya ta kai kimanin shekara dubu goma. Yayin da ɗumamar yanayi ke narkar da ita, abin da ta adana yana shiga ruwa.

Tafkin Rasass, shi ma a arewacin Italiya, misali ne. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa ƙarfin ruwansa na ɗaukar lantarki, wanda ke nuna yawan narkakkun sinadarai, ya ninka sau 18 cikin shekara ashirin. Nikel ɗin da ke cikinsa ya zarce iyakar da aka gindaya wa ruwan sha fiye da ninki goma, alhali babu masana'anta ko mahaƙa a kusa.

Kammalawa

Malalar duwatsu ta fi kogin ƙanƙara jure zafi, domin duwatsun samanta na kare ta daga rana, don haka ake sa ran amfaninta a matsayin ma'ajiyar ruwa zai ƙaru. Sai dai sanyi da haske ba su ne ma'aunin tsabta ba. Kafin makiyaya ko ƙauyukan tsauni su dogara da irin wannan marmaro, wajibi ne a san nau'in dutsen da ruwan ya ratsa, a kuma riƙa auna shi a kowane lokaci na shekara.