Kafin Ka Rataya Farantin Tagulla, Dubi Bangonka

A unguwar Kusfa, cikin ganuwar birnin Zazzau, har yanzu akwai gidajen ƙasa da yawa a tsakanin sababbin gidajen bulo. Irin waɗannan gidaje ne da yawa daga cikinmu suke zaune a ciki, ko a Wusasa, ko a Tudun Wada, ko a ƙauyukanmu. Dukanmu kuwa muna son ado a bango: farantin tagulla irin na Bida, ko agogo, ko madubi mai bakin ƙarfe. Amma sau da yawa ƙusa ɗaya tak muke bugawa, mu rataya, mu manta.

Bari mu yi ɗan lissafi. Tagulla ta fi ruwa nauyi wajen sau 8 da rabi. Faranti mai faɗin santimita 60 da kaurin milimita 1 ya haura kilo 2, ga kuma bakinsa da kaifi. In ya suɓuce ya faɗo a kan jariri, ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya sa ƙusa ba ta riƙe bangon ƙasa? Da tubali ake gina shi, wato ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa aka shanya a rana. Sa'ad da ƙusa ta shiga, sai ƙasar ta marmashe kewaye da ita. Da damina, musamman a watan Agusta, bango yakan sha laima ya yi laushi. Da rani ya bushe, ramin ya ƙara faɗi. A hankali ƙusar za ta sunkuya, ba wanda ya lura.

Maginan Zazzau na dā sun san wannan. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834-1846), da azara ya ɗaure bakan gininsa, gama azarar giginya tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cika cinta ba. Tasar da muke gani a tsakiyar rufin tsofaffin zauruka ma ba rataya ta aka yi ba, dasa ta aka yi tun ƙasar tana ɗanye. Darasin shi ne, itace ne zai ɗauki nauyi a ginin ƙasa.

To, ga yadda za mu yi. A bangon ƙasa, a haƙa rami mai zurfin santimita 15, ya gangara ƙasa kaɗan domin kan turken ya dubi sama. A sa guntun azara ko maɗaci, a cike da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, a danna sosai. A bar shi kamar mako guda ya bushe. Da rani ya fi kyau a yi wannan aiki. In kayan yana da nauyi, turaku biyu za a kafa.

In an shafe bangon ƙasa da siminti, a ƙwanƙwasa tukuna. In ya yi ƙara kamar ganga, shafen ya rabu da ƙasar, kada a rataya kome a nan.

A bangon bulo kuwa, a tuna cikinsa rami ne. A huda da injin huda bango, a cusa ɗan toshin roba, sa'an nan a ɗaura sukuru. Kada a huda daidai saman makunnin lantarki ko ƙasansa, gama nan waya take bi.

Da waya mai ƙarfi za a ɗaure kayan, gama zare yakan ruɓe. Kafin a rataya, maigida ya gwada turken da abin da ya ninka kayan nauyi. Bayan kowace damina a sake dubawa, ko gara ta shiga, ko bango ya tsage.

Abu na ƙarshe, iyaye: kome ƙarfin turke, kada mu rataya ƙarfe bisa gado, ko bisa tabarmar da yara suke kwana. Mu nemi bangon da ba a zama a gindinsa.