Hazo Na Ɗan Lokaci Ne, Hayaƙin Madafa Kuwa Na Kullum

Da zarar hunturu ya kama, gidajen rediyo sai su koma kan gargaɗin da aka saba: a toshe hanci saboda hazo, a lulluɓe yara kada sanyi ya shige su. Gargaɗin ba laifi, sai dai ya bar jama'a da zaton sanyi ne ke kawo nimoniya. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, kamar yadda suke kawo tarin fuka. Ƙura da busasshiyar iska share musu fage kawai suke yi.

Idan mutum ya ja numfashi, tantanin da ya raba ƙirji da ciki yakan yi ƙasa, iska ta bi maƙogwaro ta rarrabu zuwa miliyoyin ƙananan jakunkuna a cikin huhu, inda jini ke ɗaukar iskar oksijin ya sauke gurɓatacciya. Nimoniya tana cika jakunkunan nan da ruwa da mugunya, asma kuwa hanyar iskar take ƙuntatawa.

Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana da lokacinta, ta wuce. Abin da ba a faɗa shi ne hayaƙin murhu. Ku leƙa madafa da hantsi: ɗanyen itace ko kara na ci da ƙyar, bango ya yi baƙi ƙirin, uwa ta duƙa tana hura wuta idanunta na hawaye, ga goyo a baya yana shaƙar abin da take shaƙa. Hayaƙin nan yana raunana siraran gashin da ke share datti daga hanyar iska. Shi ya sa za ka ga tsohuwar da ba ta taɓa shan taba ba tana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, a ce ai tsufa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya halaka mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Ina hukumomi suke? Muddin gas ya fi ƙarfin talaka, kuma ba a wadata ƙauyuka da murhu mai rage hayaƙi ba, raba takunkumin toshe hanci ba zai kai mu ko'ina ba. Magidanta ma da nasu: a buɗe wa madafa taga, a daina kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 da ke tari, numfashinsa ya kai 40 a minti guda, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, asibiti za a kai shi a ranar, ba a tsaya shafa masa man zafi ba.