Dusar Masana'antar Takarda

Kwalin da ake zubo taliya a ciki, da takardar nan mai kauri mai ruwan ƙasa da ake yin buhun siminti da ita, asalinsu itace ne. Mafi ƙarfinsu daga itacen fain ake yin su, dogon itacen nan mai sirarin ganye da ya cika dazuzzukan Finlan da Suwidin da kudu maso gabashin Amurka. Abin da masana'anta ke nema a jikinsa shi ne zare. To amma zaren da take samu bai wuce kusan rabin nauyin busasshen itacen ba. Sauran rabin narkewa yake yi a tukunya, kuma a cikinsa ne ake samun wani mai da ake kira man tal, wanda mutum zai iya shekara yana taɓa kayan da aka yi da shi bai taɓa jin sunansa ba.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake surfe ba zai sha wahalar gane wannan sana'a ba. Matar da ta zuba gero a turmi ta yayyafa masa ruwa, tsaba take nema. Ta surfa, ta bakace a faifai, dusa ta koma gefe. Ta wanke, ƙasari ya taru a ƙwarya. Ba wadda ta taɓa ɗaukar taɓarya don dusa, amma kuma ba mai hankalin da za ta watsar da ita a bola. Akuya na jiran ƙasarin, dusar kuwa ko a dama wa tumakin gida ko a auna wa mai kiwo da kwano.

Surfen itace a yau ana yin sa ne bisa hanyar da Carl Dahl ya ƙirƙiro a birnin Danzig a 1879. Ana ɓare gungumen, a daddatsa shi ƙanana, a zuba a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe tare da ruwan soda mai ƙuna da wani gishiri mai farar wuta, a dafa da zafin da ya kai wajen digiri 170. Sinadarin da ya manne zaruruwan da juna, wato lignin, sai ya saki. A tsame zaren, a wanke, ya zama kullun takarda. Abin da ya rage wani baƙin ruwa ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, shi ne ƙasarin wannan gida. Tun farkon shekarun 1930, lokacin da G. H. Tomlinson ya fito da tanderun da ke iya cin wannan ruwa, masana'antu ke ƙafe shi su ƙona, su sami tururi da lantarki, su kuma kwashe sodarsu daga tokar su sake dafa wani itacen da ita.

Ana cikin ƙafewar nan ne abin sha'awar ke faruwa. Fain itace ne mai yawan ƙaro da maiƙo, kuma maiƙo in ya gamu da soda sabulu yake zama. Da baƙin ruwan ya fara kauri, sai sabulun ya taso sama, launin ƙasa, mai danƙo da kumfa. A yaɗe shi, a zuba masa asid irin na ruwan batir, sai ya rabu: gishiri da ruwa a ƙasa, mai a sama. Ɗanyen man tal ke nan, baƙi-baƙi, mai kauri, mai wari. Duk tan ɗaya na kullun takarda da aka yi da fain yakan ba da kilo 30 zuwa 50, kuma abin da duniya baki ɗaya ke tarawa a shekara wajen tan miliyan 2 ne.

A ɗanyensa ba ya da wata martaba sosai. Sai an kai shi matata irin ta Rauma ko ta Oulu a Finlan, an dafa shi a dogayen hasumiyoyin da aka zuƙe wa iska don kada ya ƙone, sannan yake rarrabuwa. Kason maiƙon yana zuwa wurin masu fentin mai da masu sabulun wanki da man shafa wa injuna, masu haƙar ma'adinai kuma suna sa shi a ruwa don ya taso da fosfat na takin zamani ya bar yashi a ƙasa. Kason ƙaron shi ke shiga gam na like kwali, da tawadar buga jarida, da fentin da ake zana layin titi da shi, da robar taya. Har takardar kanta ana sa mata shi don kada tawada ta bazu a jikinta. Baƙin guggubin da ke kwantawa a gindin hasumiya ana gauraya shi da kwalta ko a ƙona.

Daga wannan guggubi ne aka ciro abin da ya fi burge ni a duk labarin. A cikinsa akwai wasu sinadaran tsiro masu kama da kolestarol, waɗanda in suka shiga hanjin mutum sukan tare wa kolestarol hanyar shiga jini. Finlan ƙasa ce da ciwon zuciya ya yi wa ɓarna ƙwarai a shekarun 1960 da 1970, musamman yankin Kareliya ta Arewa. Wani masanin sinadarai na kamfanin Raisio, Ingmar Wester, ya gano yadda za a sa sinadarin ya narke a cikin bota, Farfesa Tatu Miettinen na Jami'ar Helsinki da abokan aikinsa suka gwada a kan mutane, aka ga mugun kolestarol ya sauka da kusan kashi 10 cikin ɗari ko fiye. A 1995 botar Benecol ta shiga kasuwa. Ragowar ragowar tukunyar takarda ce ta hau teburin karin kumallo.

Sai dai dusa tana da wata ɗabi'a da duk mai kiwo ya sani: yawanta na bin yawan surfe. In babbar Sallah ta gabato, kowa ya ɗaure rago, kuɗin kwano sai ya tashi, amma ba matar da za ta ƙara surfa mudu goma don dusa ta yi tsada. Haka man tal. Ba a sare fain dominsa. Iya takardar da aka yi, iya man da za a samu. In gungumen ya daɗe a ajiye ma man raguwa yake yi. Kuma manyan sababbin masana'antun kullun takarda na Birazil da Uruguwai galibi itacen turare suke dafawa, wanda ba ya ba da wani man kirki.

Ana cikin haka sai wani babban mai saye ya shigo kasuwa. A 2010 kamfanin SunPine ya fara mayar da man tal dizal a garin Piteå na arewacin Suwidin. A farkon 2015 kamfanin UPM ya buɗe matatarsa a Lappeenranta ta Finlan, wadda ta fara da tan dubu 100 a shekara. Dokar Tarayyar Turai ta makamashi mai sabuntuwa ta sa man tal cikin jerin ragowar da ake ba fifiko, har ƙasa na iya lissafa litarsa ɗaya a matsayin biyu wajen cika alƙawarinta. Hujjar masu dizal ba ta banza ba ce: man nan ba abinci ba ne, bai ƙwace gonar kowa ba, ya kuma fi a sare dajin Indonesiya a dasa kwakwar manja.

Duk da haka ni ina ganin an yi gaggawa. Abin da zai iya zama fentin da zai shekara goma yana kare ƙofa daga ruwan sama, ko gam, ko maganin zuciya, bai kamata doka ta tura shi tankin babbar mota ya ƙone a tafiyar yini ɗaya ba. A fara tatsar abin da ya fi daraja tukuna, guggubin da kason da ba shi da wani amfani su tafi wuta. Ko an mayar da duk man tal na duniya dizal, bai isa ya riƙe motocin Turai na mako guda ba, alhali masu fenti da gam kusan rayuwarsu ke nan.

Farashin ɗanyen man tal ya yi tashin gwauron zabo a 2022 da 2023. A watan Nuwamba na 2023 kamfanin Ingevity ya ba da sanarwar rufe matatarsa ta DeRidder a jihar Luwiziyana ta Amurka, garin da ya shafe shekaru da dama yana cin abinci daga ƙaron fain, kuma tsadar ɗanyen man tal na cikin dalilan da ya bayar. Mai gam da ya rasa ƙaron tal zaɓi biyu ne a gabansa: ko ya nemi ƙaron da ake tsaga jikin fain a tara da hannu a Sin da Birazil, ko ya koma ga wanda ake yi da man fetur.