Ɓarawo mai babbar riga: littattafan da ya kamata a karanta

Zancen fasa-ƙwauri ba baƙo ba ne ga mutanen Matamaye, domin hanyar Damagaram zuwa Kano ta ratsa garinsu, iyakar Ɗan Barto kuma tana kusa. Saboda haka mai sha'awar labarin masu laifi ba sai ya jira na Turawa ba.

Cikin littattafan Turawa, irin na Agatha Christie, abin tambaya shi ne: wa ya aikata? Cikin namu kuwa, sau da yawa kowa ya san mai laifin. Abin tambaya shi ne, wa zai iya kama shi?

Haka abin yake cikin Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda aka buga a 1982. Alhaji Gabatari ya yi dukiya da fasa-ƙwauri, kuɗinsa sun rufe bakin manya da ƙanana. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ƴan duwan zai gane mutanen littafin nan.

Masu jin Faransanci kuma su nemi «15 ans, ça suffit!» na ɗan ƙasarmu Amadu Usmane, na 1977. Labarin shari'ar wani babban mutum ne da aka zarga da karkatar da cimakar agaji lokacin fari, alhali talakawa na fama da yunwa.

Malaman lakwal, ku sa manyan ɗalibai su karanta su, su tattauna. Gobe daga cikinsu za a sami alƙali da jandarma, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.