2 520, adadin da ba ya barin saura

Rabo yakan kawo gardama idan wani abu ya rage. Goro 100 yana rabuwa daidai tsakanin mutum 4 ko 5. Amma idan mutum 3 ne, kowa zai samu 33, ɗaya ya yi saura. Wa za a ba shi?

Akwai adadi guda wanda ba ya barin saura, ko mutum nawa ne suka zo rabo, daga 2 har zuwa 10. Shi ne 2 520. Ga kasonsa:

rabi: 1 260
sulusi: 840
rubu'i: 630
humusi: 504
sudusi: 420
subu'i: 360
sumuni: 315
tusu'i: 280
ushuri: 252

Ban da rabi, sunayen nan daga Larabci suka shigo Hausa. Malamai suna aiki da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni wajen rabon gado. Ushuri kuwa shi ne zakkar hatsin da ruwan sama ya shayar: dami ɗaya cikin goma.

Ana iya gane halin 2 520 tun kafin a yi rabawa. Ya ƙare da 0, saboda haka 2 da 5 da 10 suna raba shi. Idan aka tara 2 + 5 + 2 + 0, za a samu 9, ke nan 3 da 9 suna raba shi. Adadin da 2 da 3 suka raba kuwa, 6 ma yana raba shi.

Asirin yana cikin gininsa: 8 x 9 x 5 x 7 = 2 520. Cikin 8 akwai 2 da 4. Cikin 9 akwai 3. Idan 2 ya gamu da 3 sai su ba da 6, idan ya gamu da 5 su ba da 10. Kamar murhu ne: a janye dutse ɗaya, tukunya ta kife. Rabinsa, 1 260, idan aka raba ma mutum 8, kowa zai samu 157, saura 4. Babu wani adadi ƙasa da 2 520 da yake rabuwa daidai da 2 har zuwa 10.

Hanyar tuna shi mai sauƙi ce. Kwana 7 na mako, kwana 30 na wata, wata 12 na shekara: 7 x 30 x 12 = 2 520.

Idan mutum na 11 ya zo fa? Nan 2 520 ya kasa, sai an ninka shi sau 11, a samu 27 720, wanda 12 ma yake rabawa. A ninka wannan sau 13, a samu 360 360. Shi kuwa yana rabuwa daidai har tsakanin mutum 15.

Tambayoyi

1. An raba damin gero 2 520 ma unguwa 9. Nawa kowace ta samu?
2. Idan aka raba 2 520 da 11, nawa ne saura?
3. Don me 14 yake raba 2 520?