Ina Kawarar Kogin Galma Ta Tafi?

Jama'a, wannan mako za mu bar tudu mu gangara bakin ruwa, gama masunci da mai lambu fadama ɗaya su ke ci, ko da ba su lura ba.

A da kawara ita ce naman talaka a ƙasar Zazzau. Yau in ka shiga kasuwar Tudun Wada ko ta Sabon Gari, abin da ya fi yawa shi ne kifin ƙanƙara na teku, sai tarwadar kiwo. Masunta suna nan a Galma, amma birgi ba ya fitowa da nauyi kamar da.

To, ga asalin abin. Kawara ba ta haihuwa a tsakiyar kogi. In ruwa ya tumbatsa wajen Yuli da Agusta, sai ta bi sabon ruwa ta hau fadama, ta zuba ƙwai cikin ciyawa. Nan 'ya'yan za su ci su yi ƙwari, sa'an nan in ruwa ya fara janyewa su gangaro kogi. Watau fadama ita ce ɗakin renonsu.

Ɗakin nan kuwa an matse shi. A 1973 aka tare Kubanni a Samaru saboda Jami'ar Ahmadu Bello, a 1975 kuma aka tare Galma domin ruwan famfon Zariya. Ruwan sha dole ne, ba mai musu, amma kifi ba ya haura bango. Ga farin 1973 da na 1984.

Sauran laifin namu ne, mu manoma. Tun da injin ban ruwa ya yawaita, mun nome gaɓa har bakin ruwa, mun sare ciyawa da itatuwan da su ke riƙe ƙasa. Ruwan farko sai ya kwashi yashi ya cike gurbi mai zurfi, inda kifi ke fakewa da rani. Wani kuma ya gama feshin tumatir, ya wanke tankinsa cikin rafi. Haba! Ai wannan da zuba magimfa duk ɗaya ne, har ma ya fi.

Masunta ma da nasu. Mai jan taru da gidan sauro ba su ya ke yi ba, cin iri ya ke yi. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana guba da nakiya, ta kuma hana raga mai ido kasa da milimita 76, kamar inci 3 ke nan. Amma doka tana Abuja, kogi yana nan. Sarakunan ruwa su ne za su iya tsayawa a kai.

Kai kuma mai lambu, bana ka bar taki 10 na ciyawa tsakanin kunyarka ta ƙarshe da ruwa, ka haƙa rami can tudu inda za ka riƙa zuba ruwan wankin tanki.