Hujja a Hannun Abokin Shari'a: Rigimar Fito da Takardu a Ƙarar Wariya da Cin Zarafi a Wurin Aiki



Duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali a ƙasar Zazzau ya san ƙa'idar nan cewa mai da'awa shi ke kawo shaida. Haka kuma abin yake a Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 131. To, amma akwai irin ƙarar da wannan ƙa'ida ke zame wa mai ƙara kaya mai nauyi, wato ƙarar ma'aikacin da ya ce an nuna masa wariya, ko ma'aikaciyar da ta ce na gaba da ita ya neme ta da lalata, da ta ƙi sai ya huce a kan aikinta. Dalili kuwa shi ne, hujjar da za ta gaskata su tana kulle a kabad ɗin wanda suke ƙara.

Alal misali, a ce wata ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibiti an hana ta ƙarin girma shekara uku, an bai wa waɗanda suka zo bayanta. Ita dai abin da ke hannunta bai wuce takardar ɗauka aiki da ta biyan albashi ba. Fayil ɗinta na sirri, da rahoton ƙwazo na shekara-shekara, da bayanin zaman kwamitin ƙarin girma, da fayilolin abokan aikinta waɗanda da su ne za a gwada a ga bambanci, duk suna ofishin rajista. Shi kuwa cin zarafi, ba a yin sa a bainar jama'a.

Kotun da ke jin irin wannan ƙara ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana kuma da reshe a Kaduna. Gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, shi ya ba ta ikon jin ƙarar wariya da cin zarafi a wurin aiki, a sashe na 254C. Malaman firamare na wannan yanki ba baƙinta ba ne, domin gabanta ƙungiyarsu ta je a 2017, sa'ad da gwamnatin jiha ta ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji. A can ma takardun jarrabawar suna hannun wanda ake ƙara.

To, ta yaya ake fito da takarda daga hannun wanda ba ya so ta fito? Hanya ta farko ita ce lauya ya aika masa sanarwa cewa ya kawo takarda kaza. Wannan sanarwa ba ta tilasta kowa. Amfaninta kawai shi ne, in ya ƙi, mai ƙara na iya gabatar da kwafin da ke hannunsa a madadin ta asali. Ke nan wanda ba shi da kwafi bai ci ribar komai ba. Hanya ta biyu ita ce a roƙi kotu ta yi umurni a buɗe takardun a duba, ko ta aika wa mai riƙe da su sammaci ya zo da su. Wannan kam dole ce, ƙin bi raina kotu ne. Ta uku ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ofishin gwamnati kwana 7 ya amsa, sai dai ta kare fayilolin ma'aikata daga buɗewa ga kowa da kowa.

Shi ma wanda ake ƙara yana da nasa hanzarin, kuma ba kowanne ne na ƙarya ba. Yakan ce fayilolin sauran ma'aikata sirrinsu ne, sashe na 37 na tsarin mulki da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun kare su. Yakan ce shawarar da ya yi da lauyansa amana ce, sashe na 192 na Dokar Shaida ya rufe ta. Yakan kuma ce mai ƙara lalube take yi a cikin duhu, ko za ta dace. Aikin alƙali ne ya auna, ya ware abin da ya shafi ƙarar daga abin da bai shafe ta ba.

Amma hanzarin da ya fi yawa shi ne "fayil ya ɓata". A nan doka ta yi tanadi mai kyau. Sashe na 167(d) ya yarje wa kotu ta ɗauka cewa duk hujjar da mutum ke iya kawowa ya ɓoye, da ya kawo ta da ta kā da shi. Hausawa na cewa biri ya yi kama da mutum. To, takardar da aka danne ita ma tana ba da shaida.

Bugu da ƙari, yawancin hujjar zamanin nan a wayar hannu take, irin su saƙon WhatsApp da muryar da aka naɗa. Sashe na 84 ya karɓe su, da sharaɗin a kawo takardar tabbatar da na'urar da ta fitar da su. Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar wasu takardu na intanet a shari'ar Kubor da Dickson a 2012 saboda rashin cika sharuɗɗan wannan sashe. Ko muryar da aka naɗa a ɓoye, sashe na 14 bai hana karɓarta kai tsaye ba, ya bar wa alƙali ya auna amfaninta da aibin yadda aka same ta.

Ana kuwa yin nasara. A watan Disamba na 2013 Kotun Ma'aikata a Legas ta ba wata ma'aikaciyar kamfanin Microsoft gaskiya, ta yarda cewa an kore ta ne don ta ƙi amincewa da shugabanta, ta kuma ɗora wa kamfanin alhakin sakaci. Sauran ƙasashe ma sun gane nauyin wannan kaya. A Amurka, tun 1973, a shari'ar McDonnell Douglas da Green, Kotun Ƙoli ta ce in ma'aikaci ya nuna alamar wariya, to, ya rage ga ubangidansa ya faɗi halattaccen dalilin abin da ya yi. Nijeriya kuma ta rattaba amincewarta a 2022 ga yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai hana cin zarafi a wurin aiki.

Daga ƙarshe, ina da jan hankali ga ɓangarori biyu. Ma'aikaci ya riƙa ajiye kwafin kowace takarda da ta shafe shi, ya rubuta kukansa maimakon faɗa da baki, ya sa a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata, kada kuma ya share saƙo don kunya. Ku kuma masu riƙe da rajista, da ɗaliban da za su gaje ku gobe, ku sani shari'ar tana farawa ne daga teburinku. Shafi ɗaya da aka zare daga fayil na iya raba marainiya da abincinta, kamar yadda cikakken fayil ke wanke shugaban da aka yi wa ƙazafi.